Yawon Garuruwan Beljiyam: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi

Sunan Beljiyam ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. In dillali ya dafa mota ya ce 'yar Beljiyam ce, kowa ya gane: an hau ta a Turai, amma da sauran ƙarfi a jikinta. Ƙasar ce kanta ba mu sani ba. Waɗanda suka taka ta ma, yawancinsu babban birnin ƙasar, Burasels, kaɗai suka gani, daga filin jirgi zuwa otal, daga otal zuwa ɗakin taro, sai gida. Wannan kuwa asara ce, domin Beljiyam ƙasar garuruwa ce. Masaƙa da fatake ne suka gina su ɗaruruwan shekaru kafin a kafa ƙasar, kuma har yau kowane gari yana ji da kansa. Ga tambayoyin da 'yan uwa masu niyyar tafiya suka fi yi mini, da abin da nake amsa musu.

Ina take, kuma yaya girmanta?

Tana arewa maso yammacin Turai. Holan na arewa da ita, Faransa na kudu, Jamus da Luksambur na gabas, sannan tana da ɗan bakin teku da bai kai kilomita 70 ba. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 30,700 ne, wato Jihar Kaduna ta fi ta fili, amma mutanenta sun doshi miliyan 12. Ta ɓalle daga Holan a 1830. Sarkinta na farko, Leopold na Ɗaya, ya yi rantsuwa ranar 21 ga Yuli 1831, kuma har yau wannan ce ranar bikin ƙasa. Sarki Philippe ne a kan gado tun 2013.

Ƙanƙantar nan ita ce ribar matafiyi. Sai ka karya kumallo a wani gari, ka yi azahar a wani, ka dawo masaukinka kafin isha'i.

Me ake nufi da yankuna? Ba ƙasa ɗaya ba ce?

Ƙasa ɗaya ce mai yankuna uku, kowanne da majalisarsa da gwamnatinsa. Arewacin ƙasar, wanda mutanensa ke kira Vlaanderen, masu Faransanci kuma Flandre, Holanci ake yi a cikinsa. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ba tudu, a can tashoshin ruwa da manyan tsofaffin birane suke. Kudancin shi ne Wallonie, ƙasar Faransanci, mai koguna da duwatsu da dazukan Ardennes. Burasels yanki ne na uku mai zaman kansa, harsuna biyu ne a hukumance. A can gabas kuma, wajen garin Eupen, akwai ɗan gungu na masu Jamusanci da ba su kai dubu tamanin ba, su ma da tasu majalisar.

Tsakanin arewa da kudu akwai tsohuwar jiƙaƙƙa. A ƙarni na 19 kudu ce mai kuɗi saboda kwal da ƙarfe, Faransanci kuma shi ne harshen kotu da makaranta da manyan mutane, har a garuruwan da talakawa ba sa jin sa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai reshe ya juye da mujiya: ma'adinan kwal suka mutu, arewa ta yi arziki. A 1962 da 1963 aka shata iyakar harshe da doka. Rikicin ya taɓa hana su kafa gwamnati har kwana 541, daga 2010 zuwa 2011. Wanda ya fi nuna zafin abin a wurina shi ne labarin jami'ar Leuven, wadda aka kafa a 1425. A 1968 aka raba ta biyu, masu Faransanci suka tashi aka gina musu sabon gari fil, Louvain-la-Neuve, littattafan laburare ma aka kasa su bisa lambar da ke jikinsu, masu lamba cika su bi wannan ɓangare, masu mara su bi wancan.

To wane harshe zan yi da su?

A arewa, in ba ka jin Holanci, fara da Ingilishi. Kusan kowa yana ji. Wannan shawara ta fi shafar 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi: a Gent ko Antwerpen kada ka afka wa mutum da Faransanci kai tsaye, ka fara tambayarsa ko yana so. A kudu da Burasels kuwa Faransancinku zai yi muku rana fiye da Ingilishin ɗan Najeriya.

Abin da ya fi ɓatar da baƙo shi ne sunayen garuruwa, domin kowane yanki da nasa harshen yake rubuta allon hanya. Liège a arewa sunanta Luik. Mons ita ce Bergen. Namur ita ce Namen, Tournai ita ce Doornik, Antwerpen ita ce Anvers, Ieper ita ce Ypres. Babbar tashar jirgin ƙasa ta Burasels tana amsa Bruxelles-Midi, tana kuma amsa Brussel-Zuid, tasha ɗaya ce. Rubuta sunaye biyun a takarda kafin ka fita.

Da gaske motocin da muke kira 'yan Beljiyam daga can suke fitowa?

Ta can suke biyowa dai. Da yawansu an hau su ne a Jamus ko Faransa ko Holan. A Burasels akwai unguwar da ke kewaye da titin Heyvaert, kusa da mayankar Anderlecht, inda aka shafe shekaru ana tara motocin gwanjo daga sassan Turai, a loda su a manyan motoci zuwa tashar ruwa ta Antwerpen, daga nan jirgi ya sauke su a Kwatano da Lome da Legas. Sunan ƙasar da aka loda kayan shi ya bi su. In ka ratsa unguwar za ka ji harsunan Afirka ta Yamma a bakin gareji, da Larabcin 'yan Labanon.

Batun biza fa?

Bizar Shengen ce, wato ta gungun ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, mai ba da damar kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana neman ta daga ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, saboda haka kada ka nemi ta Beljiyam alhali makonninka a Jamus za ka yi su. Kuɗin babba Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar abin da za ka ci, da abin da zai gamsar da su cewa za ka dawo gida. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya. Beljiyam tana da ofishin jakadanci a Abuja da Yamai. Ka nisanci duk wanda ya ce zai haɗa maka takardar banki. In aka gano, sunanka ne zai ɓaci a ƙasashen Shengen duka.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Mayu, Yuni da Satumba. Yuli da Agusta cunkoso ya yi yawa, masauki ya yi tsada. Ruwan sama kuwa ba shi da wata, yayyafi ne da ke iya saukowa kowace rana, don haka lema ba ta barin jaka.

Tsawon yini shi ne abin da Musulmi zai lissafa. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ta kuma fito wajen biyar da rabi. A Disamba sai kusan tara saura kwata take fitowa, kafin biyar na yamma an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu. Agogonsu daidai yake da na Najeriya da Nijar a lokacin sanyi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sukan wuce mu da awa ɗaya.

In ɗauki hayar mota ko in bi jirgin ƙasa?

Jirgin ƙasa, ba wata tantama. A nan aka fara shimfiɗa layin dogo na fasinja a ɓangaren Turai da ba Birtaniya ba, daga Burasels zuwa Mechelen, ranar 5 ga Mayu 1835, kuma layukan sun ratsa ƙasar kamar saƙar gizo. Daga Burasels, Leuven ba ta kai rabin awa ba, Gent kamar rabin awa, Antwerpen minti arba'in da wani abu, Brugge da Namur da Liège kowacce wajen awa ɗaya. Kamfanin jirgin sunansa SNCB da Faransanci, NMBS da Holanci. Sayi tikiti kafin ka hau, a na'urar tasha ko a waya. Tsakiyar Gent an hana motoci ratsa ta, Brugge kuma lungunanta ba na mota ba ne. Dazukan Ardennes ne kaɗai inda mota ke da amfani, don motocin haya na can jefi-jefi suke zuwa, musamman ranar Lahadi.

A lura da filin jirgin sama. Na Zaventem shi ne na kusa da birni, jirgin ƙasa na ƙarƙashinsa. Na Charleroi, wanda jiragen araha ke sauka, yana da nisan fiye da kilomita 50 duk da sunan Burasels da ke jikinsa.

Kwana nawa zai ishe ni, kuma a ina zan sauka?

Mako guda ya isa a ga ƙasar ba tare da gudu ba. Ni Gent nake ba da shawara a yi zango, a riƙa fita ana dawowa: Brugge rabin awa ce daga can, Burasels haka, Antwerpen kamar awa ɗaya. Kwana huɗu a arewa, ɗaya ko biyu a Burasels, biyu a Namur domin kudu. Mai kwana uku kacal ya haƙura da kudu, kada ya ce sai ya taɓa ko'ina.

Me ya cancanci gani a Burasels?

Dandalin Grand-Place. A watan Agustan 1695 sojojin Sarkin Faransa Louis na 14 suka yi masa ruwan igwa har ya zama toka, ban da hasumiyar zauren gari mai tsawon mita 96. Ƙungiyoyin sana'a, masu gashin burodi da kafintoci da masu jiragen ruwa da teloli, kowacce ta sake gina gidanta cikin 'yan shekaru, kowacce tana son nata ya fi na maƙwabciya ado. Gidajen da kake gani ke nan. Je da sassafe kafin jama'a su cika, ka sake komawa da dare in an kunna fitilu.

Bayan nan ni kasuwanni nake bi. Ta safiyar Lahadi a gefen tashar Midi, inda zaitun da na'ana'a da burodin Maroko suke tuli. Titin Brabant kusa da tashar arewa, mai shagunan atamfa da abaya da turare. Unguwar Matonge, wadda ta ari sunanta daga wata unguwa ta Kinshasa. Ginin Atomium na baje kolin 1958, mai tsawon mita 102, yara na son sa. Filin yaƙin Waterloo, inda aka karya Napoleon ranar 18 ga Yuni 1815, yana kudu da birnin kaɗan. Tudun zaki mai matakala 226 ne abin hawa a can.

Brugge ko Gent, wanne ya fi?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa, kuma sai an koma baya kaɗan.

Tun ƙarni na 12 garuruwan nan suke sayo ulu daga Ingila, su saƙa, su rina, su sayar wa Turai duka. Brugge ita ce kasuwar. Wata guguwa a 1134 ta buɗe mashigin ruwa na Zwin wanda ya haɗa ta da teku, sai fatake suka riƙa zuwa daga Jamus da Italiya da Sifaniya. Baƙon ɗan kasuwa yakan sauka a gidan wani mai masauki wanda zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa. Duk wanda ya san aikin fatoma a zango ya san wannan tsari. Ɗaya daga cikin waɗannan gidaje na zuriyar Van der Beurse ne, a ƙofarsa 'yan kasuwa ke taruwa suna canji, kuma daga sunansu Faransanci da Jamusanci suka samo kalmar da suke kiran kasuwar hannun jari da ita. Daga baya yashi ya cike Zwin, wajen shekarar 1500 ciniki ya koma Antwerpen, Brugge ta talauce. Talaucin ne ya tsare ta: ba a sami kuɗin rushe tsofaffin gidaje a gina sababbi ba. A shekarar 2000 UNESCO ta sa tsakiyar garin baki ɗaya cikin kayan tarihin duniya.

Kyau kam Brugge ba ta da na biyu. Shiga kwalekwale na rabin awa a magudanan ruwan cikin gari. Hau hasumiyar kasuwa, mita 83, matakala 366, in gwiwa za ta ɗauka. Shiga Begijnhof, unguwar fararen gidaje da aka kafa a 1245 domin matan da suka zaɓi zaman ibada da aikin hannu tare ba tare da sun ɗauki alkawarin har abada ba; shirun wurin ya kan sa mutum ya rage murya da kansa. Sai dai daga goma na safe zuwa biyar na yamma garin na baƙi ne, kafaɗa na gugar kafaɗa. Wanda ya kwana, shi ke ganin Brugge ta gaskiya bayan motocin 'yan yawo sun tafi.

Gent kuwa gari ne da mutanensa ke zaune a cikinsa, ɗaliban jami'a dubbai suna yawo a kan keke. A ƙarni na 14, a arewacin tsaunukan Alps, Paris ce kaɗai ta fi ta yawan jama'a. Masaƙanta masu taurin kai ne. Sarki Charles na Biyar a garin aka haife shi a 1500, amma da suka ƙi biyan harajin yaƙinsa ya dawo a 1540 ya sa manyan gari suka zo gabansa ba takalmi, wasunsu da igiyar rataya a wuya, suna neman gafara. Mutanen Gent suka mai da abin kunyar abin alfahari, har yau suna kiran kansu masu igiya a wuya. Ganuwar Gravensteen ta 1180 tana tsakiyar gari, an gina ta ne domin 'yan gari su ga ƙarfin mai mulki. A majami'ar Sint-Baafs akwai zanen da 'yan uwa biyu, Hubert da Jan van Eyck, suka kammala a 1432. An sace ɓangare ɗaya a 1934, ba a same shi ba har yau. Da yamma ka zauna a bakin ruwa a Graslei, inda dā ake sauke hatsi.

In dole sai ɗaya, Gent zan ce. In akwai hali, yini a Brugge, kwana a Gent.

Waɗannan hasumiyoyi da ke kowane gari, na coci ne?

A'a, kuma wannan ne mabuɗin fahimtar ƙasar. Coci na da tata hasumiyar, mai sarauta na da ganuwarsa, ita kuma wannan ta 'yan gari ce. A cikinta ake kulle takardun 'yancin da gari ya karɓo daga hannun mai mulki, ƙararrawarta ke kiran masaƙa aiki da tashi, ita ke shelar gobara ko zuwan abokan gaba. Gari mai hasumiya gari ne mai ikon kansa. Ta Tournai ce mafi tsufa, an ba garin izininta a 1188. Ta Gent mita 91 ce.

Antwerpen ta 'yan kasuwa ce kawai?

Kasuwanci ne jininta: tashar ruwanta ce ta biyu a Turai bayan Rotterdam, kuma 'yan lungunan da ke gefen tashar jirgin ƙasa sun daɗe suna riƙe da cinikin ɗanyen daimon na duniya. Amma tashar jirgin kanta, wadda aka gama a 1905, ta isa a tsaya a ɗaga kai. Abin da ba na so kowa ya tsallake shi ne gidan Plantin-Moretus, maɗaba'ar da zuriya ɗaya ta riƙe shekara ɗari uku. Injinan buga littafi biyu mafiya tsufa da suka rage a duniya suna ciki, haruffan dalma suna nan a akwatunansu, teburin masu gyaran rubutu na nan a bakin taga. Duk mai ƙaunar littafi zai daɗe a ɗakin nan.

Rufin gidan tarihi na MAS kyauta ake hawa, daga can ake hango kogin Schelde da tashar ruwa. Akwai kuma ramin masu tafiya a ƙasa na 1933 da ya ratsa ƙarƙashin kogin, mita 572, da matakalarsa mai tafiya da kanta ta katako.

Kudu fa, akwai abin da zai kai ni?

Akwai, kuma baƙi ba su cika zuwa ba. Namur, hedikwatar Wallonie, tana mahaɗar kogin Meuse da Sambre, da babbar ganuwa a kan tudu. Rabin awa daga nan a jirgi sai Dinant, siririn gari da ya matse tsakanin kogi da dutse, ganuwarsa a sama, matakala 408 ko kuma keken igiya. Garin maƙeran tagulla ne tun zamanin dā, nan aka haifi Adolphe Sax mai ƙera kayan busa a 1814. A watan Agustan 1914 sojojin Jamus suka kashe farar hula 674 a garin, sunayensu na rubuce a wurin tunawa.

Liège ta shafe ƙarnoni tana ƙasa mai cin gashin kanta a hannun bishop mai sarauta. Kasuwar La Batte ta ranar Lahadi a bakin kogi doguwa ce ƙwarai, sai matakalar Bueren mai hawa 374. Can cikin daji kusa da iyakar Faransa akwai ganuwar Bouillon a kan kogin Semois. Mai ita, Godefroy, ya miƙa ta ga bishop na Liège a 1096 ya karɓi kuɗin da ya tafi yaƙin 'yan Salibiyya na farko da su, yaƙin da ya kai ga kame Ƙudus a 1099 da kisan da ya biyo baya. Musulmi zai shiga wurin da wani tunani daban da na sauran baƙi, kuma ina ganin ya dace ya shiga. Jirgi ba ya kaiwa can. A Libramont ake sauka a hau bas.

Kusa da Charleroi akwai mahaƙar kwal ta Bois du Cazier, inda gobara ta kashe mutum 262 ranar 8 ga Agusta 1956, 136 daga cikinsu 'yan Italiya. Bayan nan Italiya ta daina turo ma'aikata, Beljiyam ta nemi wasu, har ta ƙulla yarjejeniya da Maroko da Turkiyya a 1964. Masallatai da mahautan da za ka dogara da su a tafiyarka, 'ya'ya da jikokin waɗannan ma'aikata ne suka kafa yawancinsu.

Ana ta ambaton Ieper. Me ya faru a can?

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shafe garin har ƙasa. Katafaren zauren cinikin tufafi da ke tsakiyarsa sake gina shi aka yi bisa tsohon fasalinsa, ba a gama ba sai 1967. A kusa da nan aka fara sakin iskar guba mai yawa a yaƙi, ranar 22 ga Afrilu 1915, kuma cikin waɗanda ta fara faɗa wa akwai sojojin Aljeriya da ke yi wa Faransa yaƙi. A ƙofar Menin an sassaƙa sunayen sojoji fiye da 54,000 da ba a ga gawarsu ba, har da na rundunar Indiya, Musulmi da Sikh da Hindu. Tun 1928, in ban da shekarun mamayar Jamus a yaƙi na biyu, kullum ƙarfe takwas na dare ana tsayar da motoci a busa ƙaho. 'Yan mintoci ne. Manoman yankin har yanzu suna tono harsasan igwa da garma, su ajiye a bakin gona sojoji su zo su kwashe.

Zan sami abincin halal da wurin salla?

A manyan garuruwa ba wuya. Ƙasar ta amince da Musulunci a hukumance tun 1974. Burasels na da masallatai da yawa a Molenbeek da Schaerbeek da Anderlecht, ga kuma Babban Masallaci a lambun Cinquantenaire. A Gent da Antwerpen da Liège nemi unguwannin Turkawa da 'yan Maroko, yawanci ba su da nisa da tasha. A ƙauyukan Ardennes kuwa sai ka tafi da dardumarka da guzurinka. Alƙibla kudu maso gabas take.

A gidan abinci a kula da abu huɗu. Soyayyen dankalinsu, wanda suke alfahari da shi, a al'ada da kitsen sa ake soya shi, kuma shagon na soya tsiran alade. Tambayi irin man da kuma ko kasko ɗaya ne. Dafaffen naman da ake kira carbonnade ko stoofvlees da giya ake dafa shi. Tukunyar ƙumban teku sau da yawa ana zuba mata ruwan inabi mai sa maye. Wasu cakulan ma akwai barasa a cikinsu. Kalmomin da za ka haddace: porc, jambon da lard a Faransanci, varken, ham, hesp da spek a Holanci. Kifi da wainar gaufre mai zafi a bakin titi sun wadatar da mai shakka.

Ni mace ce mai hijabi. Zan fuskanci matsala?

Hajiya, hijabi da abaya ba wanda zai tare ki a kansu a titi ko jirgi ko gidan tarihi. A Burasels za ki ga masu irin shigarki ko'ina. Niƙabi ne doka ta hana a bainar jama'a tun 2011, kuma ana cin tara. Gara ki san da wannan tun kafin ki sayi tikiti.

Dukiyar nan ba ta Kwango ba ce?

Ta Brugge da Gent ta girmi mulkin mallaka da ƙarnoni, gumin masaƙa ce. Amma wasu manyan gine-ginen Burasels da Oostende na zamanin Leopold na Biyu ne, wanda daga 1885 zuwa 1908 ya riƙe Kwango, ƙasar da ta ninka Beljiyam fiye da sau 70, a matsayin mallakarsa shi kaɗai. An tilasta wa mutane tatso roba, an yanke hannaye, an ƙone ƙauyuka, masana tarihi da dama suna ƙirga waɗanda suka mutu da miliyoyi. Akwai abin da ya shafe mu a ciki, ko da ba daɗin ji: farkon rundunar da ya kafa a can, Force Publique, da sojojin haya aka cika ta daga Zanzibar da Afirka ta Yamma, kuma cikinsu akwai waɗanda takardun lokacin suka rubuta da sunan Hausawa.

Je gidan tarihin Afirka da ke Tervuren, taragon lamba 44 daga tashar Montgomery yana ratsa daji ya kai ka. A wurin ne aka baje 'yan Kwango 267 a 1897 domin jama'a su yi kallo, bakwai suka mutu, kaburburansu na jikin cocin garin. An rufe gidan an sake tsara shi, aka buɗe a Disambar 2018, yanzu yana faɗin abubuwan da dā yake ɓoyewa, ko da yake kayan da aka kwaso suna nan a cikinsa. A 2020 Sarki Philippe ya bayyana nadamarsa a wasiƙa ga shugaban Kwango, a Yunin 2022 kuma aka mayar wa iyalan Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, haƙorinsa, abin da ya rage daga gawarsa tun kisan 17 ga Janairu 1961. Ba na ganin ziyarar ɗan Afirka ta cika in bai ware wa wurin nan rabin yini ba.

Akwai ƙananan abubuwan da baƙo ke tuntuɓe da su?

Fasfo ya kasance a jikinka kullum, doka ce. 'Yan sane na aiki a tashoshin Midi da Nord, jaka ta dawo gaba. Jan layi ko alamar keke a gefen titi hanyar masu keke ce, kada ka tsaya a kai. Yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi, yawancin gidajen tarihi ranar Litinin. Bayan gida na tasha biya ake yi, kuma ba buta, sai ka riƙe 'yar gorarka. Ruwan famfo ana sha. Titunan tsofaffin garuruwa duwatsu ne aka jera, takalmi mai tsini da akwati mai ƙananan tayoyi duk wahala suke sha. Lambar gaggawa 112.

Wace tsaraba zan kawo?

Cakulan ce ta farko. Irin mai ƙunshe da wani abu a ciki a Burasels Jean Neuhaus ya ƙirƙiro ta a 1912. Sai dai zafinmu ba ya raga mata, saboda haka saye ta ranar tashi, ka riƙe a jakar hannu, ka ce wa mai shago ya cire masu barasa. Biskit ɗin speculoos mai kirfa ya fi jure hanya, yana kuma shiga da shayi.

Mata sukan ce a kawo musu leshin Brugge. A gaya musu tun da wuri cewa ba leshin yadi biyar na ɗinki ba ne. Saƙar hannu ce da ake yi da 'yan sanduna masu zare a kan matashi, ɗan abin da bai fi tafin hannu ba yana cin kwanaki, kuɗinsa ma haka. Mai arahar da ke rataye a ƙofar shaguna na inji ne. In ana son na gaske, a je cibiyar leshi ta Kantcentrum da ke garin, inda ake iya tarar da masu saƙar suna aiki, a tsaya a ga yadda yatsunsu ke juya sandunan kafin a taya.